Gawa a Ramin Bututu

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Zipora waya cewa an tsinci gawa a unguwar Ali Kazaure da ke Jos, cikin ramin aikin ruwa.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. Gwamnati ta ba wani kamfani kwangilar cire tsofaffin bututun ƙarfe da Turawa suka binne tun zamanin haƙar kuza, a sa sababbi. An yi bikin buɗewa, an tafa, ruwa ya zo. Bayan sati kaɗan amai da gudawa suka shiga unguwar.

Mamacin yana kwance rub da ciki, shebur a gefensa. Mutane suka ce Abiodun ne, mai kula da leburorin kamfanin. Zipora ta sauka ramin. Raunin yana ƙeya, kuma akwai toka da ɓarɓashin gawayi a wuyan rigarsa. Cikin laka ta tsinci wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe, ta sa a leda.

Sai ta dubi bututun da aka tono. Shuɗi ne tas, kamar sabo. Amma inda aka kankare fentin, tsatsa ce, da wata ɓula daidai inda ruwan kwata yake tsiyaya.

Daga nan ta wuce unguwar Daɗin Kowa, gidan ɗan kwangilar, Oga Kasali.

"Duk bututun da muka sa sabo ne, Madam," in ji shi. "Daga Legas na kawo."

"Sabo yana tsatsa?"

"Ƙasar Jos ce, tana cin ƙarfe."

"Ina kake yau da asuba?"

"Hanyar Abuja. Tambayi direbana da 'yan shingen hanya."

"Yaya kuke da Abiodun?"

"Lafiya lau. Yarona ne."

An bincika, maganar hanya gaskiya ce. Sauran kuwa sai da ta je gidan mamacin a unguwar Kwararafa ta ji. Matar mamacin, Abike, tana zaune a ƙasa, mata sun kewaye ta. Zipora ta faɗa mata abin da Oga Kasali ya ce.

"Yaronsa?" Abike ta yi dariya mai ɗaci. "Ya kore shi tun last week. Maigidana ya ce ba zai iya barci ba, yara suna mutuwa. Su fenti kawai suka shafa ma tsohon pipe, suka rufe. Ya gaya ma Oga, Oga ya ce ya yi shiru. Yau ya ɗauki shebur, ya ce zai tono, ya kira mutanen unguwa da 'yan jarida, kowa ya gani da idonsa."

"Ya gaya wa wani a unguwar?"

"Wa zai saurare shi? In ya wuce ma tofar da yawu suke yi."

Zipora ta koma Ali Kazaure. Shago ɗaya ne ke kallon ramin, na wani tela, Malam Lukuman. Ta same shi zaune gaban keken ɗinki, ba ya ɗinka komai.

"Ka ga wani abu da safe?"

"Ban gani ba, ranki ya daɗe. Ban daɗe da buɗewa ba."

"Mai shayi ya ce tun bayan sallar asuba ya ga hayaƙi a ƙofarka."

"Wataƙila maƙwabta ne."

A kan teburi akwai wata babbar riga, an goge hannu ɗaya, ɗayan a yamutse.

"Da me kake guga, Malam?"

Ta leƙa ƙarƙashin teburin ta jawo dutsen guga irin na gawayi. A jiƙe yake, an wanke shi har ciki. Marfin yana lilo, maƙallinsa ya karye. Ta fito da ƙarfen da ke cikin leda ta ɗora a wurin. Ya zauna daram.

Matarsa Hassana ta leƙo daga ƙofar gida.

Lukuman ya dubi dutsen gugar ya fara magana.

"'Yata Rahma, bana ta shiga aji ɗaya. Ranar da ruwa ya zo, ni da kaina na tara kofi na ba ta. Na ce sha, yau mun huta da sayen ruwa wajen masu tura kura. A bayana na goya ta zuwa asibiti, a bayana na dawo da gawarta. Da idona na ga mutumin nan tsaye ana shafa wa ruɓaɓɓen ƙarfe fenti. Na kai ƙara wajen mai unguwa, na je ofishin kamfanin, maigadi ya kore ni. Yau ina hura gawayi sai na gan shi yana tono shi kaɗai. Na ce wato ya zo ya ɓoye abin da suka yi. Ban san lokacin da na tsallaka titi ba."

"Bai ce maka komai ba?"

"Ya fara juyowa, ya ce, 'Baba, zo ka ga...' Ban bari ya ƙarasa ba."

Zipora ta yi shekaru tana aikin nan, amma sai da ta kau da kai.

"Malam Lukuman, korarsa aka yi saboda ya ƙi yin shiru. Tonowa ya zo yi ya nuna muku. Shi kaɗai ne shaidar da zai iya tsayawa a kotu a kan Kasali. Yanzu ko na kama Kasali, lauyansa zai ce laifin mamaci ne, kafin la'asar yana gida."

Hassana ta sulale ƙasa tana salati.

"Yana da 'ya'ya?" in ji Lukuman.

"Mace ɗaya. Fiyinfoluwa. Tana aji ɗaya."

Ya miƙe a hankali, ya miƙo hannayensa biyu tun kafin ta ciro ankwa.

"Hassana," ya ce, bai waiwaya ba, "in an yi zaman makoki, ki je. Ko sun kore ki, ki je."

Aka sa shi a mota, aka nufi caji ofis.