Gwiwa Mai Lamba Sha Bakwai

Tabon na fara ganewa.

Ƙa'idar bincikenmu kan sagewar gwiwa ke nan: labule tsakanina da mara lafiya, ƙafa kawai ake miƙo min. Bai kamata in san wane irin atisaye ake wa wa ba, don kada son rai ya shiga awo. In ɗora ma'auni, in lanƙwasa, in rubuta lamba. Ba magana.

Amma tabon nan mai kama da ƙugiya, ina bakin gado ranar da aka ɗinke shi. Gwiwar saurayina ce. Wata takwas ke nan da Mama ta ce masa a gabana, "Ɗan nan, ka yi haƙuri, ba zan ba mai dogara sanda 'yata ba." Ya ce to, ya sauya lambar waya.

Na rubuta digiri sittin.

In na gaya wa shugabanmu na san shi, wata za a ba shi ta riƙa aunawa, minti gomana na kowace Laraba ya tafi. Na ja bakina.

Abokiyar aikina, wadda ke ganin fuskokinsu, ta ce min, "Lamba sha bakwai ɗin nan fa ya haɗu! Kullum sai na raka shi har bakin mota."

"Allah ya ba da sa'a," na ce.

Saba'in. Tamanin. Casa'in... sai ya maƙale nan mako uku. Wanda ya kai ɗari da goma kuwa sallamarsa ake yi.

Wata Laraba na tura ƙafar, na ji naman cinyarsa ya ɗaure tamau. Gwiwar da ta sage daban, wadda mai ita ya riƙe daban. Shekarata shida a aikin nan, ni za a yi wa wayo?

"Malam, saki ƙafar nan."

"In na saki, sallamata za ku yi," in ji muryar bayan labule.

"Tun yaushe ka gane ni?"

"Ranar farko. Wa ke ɗumama ma'auni a tafinsa kafin ya ɗora wa mutum, in ba ke ba?"

Raina ya ɓaci, na kuma ji daɗi.

"Ka gudu ka bar ni, yanzu kuma ka ɓata min bincike!"

"So na yi in koma wa Mama ba sanda, masoyiya. Da na warke sai tsoro ya kama ni... in ta sake cewa a'a fa? Nan ko ba komai ina jin hannunki."

"Saki mu gani."

Ɗari da sha takwas.

Da ƙafata na je na faɗa wa shugaba komai. Aka cire lamba sha bakwai daga binciken, aka ba ni takardar gargaɗi. Abokiyar aikina ta daina gaishe ni.

Ranar Asabar ya hau matakalar gidanmu har hawa na uku, ba sanda. Mama ta daɗe tana kallonsa, hannunta kan tata gwiwar da ta hana ta sauka wata biyu.

"Ka turo manyanka," ta ce. "Amma zo tukuna, ɗan nan. Wane atisaye suka ba ka?"