Labarin A'i Ba Naka Ba Ne

Kubura tana tsakar gida tana daka gero da la'asar, sai muryar Mansir ta tsallako katanga.

Ba ta yi mamaki ba. Tun da agana ta shigo Bauchi a ranin nan, shekara uku kafin mulkin kai, motar masu lamba, wato masu tsagar rigakafi, take yawo unguwa-unguwa, kuma Mansir ake bai wa lasifika, don duk cikinsu babu mai bakinsa. Har murmushi ta yi, ta sassauta taɓarya don ta ji saurayinta da kyau. Saura kaɗan manyansa su zo a sa rana.

"Jama'ar Ƙofar Dumi, akwai wata yarinya 'yar shekara shida," ya ce. "Ranar da masu lamba suka zo, ubanta ya ɗauke ta ya saka a rumbu. Ba don ba ya sonta ba. Tsoro yake kar a tsaga mata hannu. Tana cikin rumbun tana dariya, ta zaci wasan ɓuya ake yi..."

Taɓarya ta suɓuce daga hannun Kubura.

A'i ce.

Ƙanwarta, wadda agana ta ɗauke shekara huɗu da suka wuce. Ko sunanta ba a kira a gidan nan. Sau ɗaya tak Kubura ta taɓa buɗe baki ta ba da labarin, a zaure, wata yamma da Mansir ya tambaye ta abin da yake sa ta kauce wa rumbun nan duk lokacin da za ta wuce.

Muryar ta yi ƙasa, ta yi laushi.

"Da ciwon ya rufe mata ido, sai ta riƙa tambayar yayarta: Adda, har yanzu ba su tafi ba? In fito?"

Wata mata a maƙwabta ta fashe da kuka. Sai kuma wata murya daga cikin taron, a sarari, yadda kowa zai ji: "Ai gidan Baffa Hammadu yake nufi."

Sabitu ne, ɗan wan babanta na Miri, wanda ya nemi aurenta bara ta ce ba ta so.

Babanta, Malam Hammadu, yana zaune a ƙofar gida da abokansa. Ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya shigo. Bafillace ne da ya zauna birni ya bar shanunsa wurin dangi, amma bai bar kunya ba. Kubura 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, yau ma bai dube ta ba.

"Ke. Wa ya gaya masa maganar rumbu?"

"Ni ce, Baba."

Ya ce gobe da safe ta tafi Miri wurin Goggonta Hajja. Yaron nan kuma, kar ya ƙara ganin kekensa a ƙofar gidansa.

Washegari ta fita da ƙunshin kayanta a ka, ba ta yi nisa da ganuwa ba ta ji ƙararrawar keke a bayanta. Mansir ya sauka yana haki, idonsa ja kamar bai runtsa ba. Bai ko gaishe ta ba ya fara bayani, don shi abin da ya iya ke nan. Ya ce bai kira sunan kowa ba. Ya ce kwana shida yana yi wa mutanen unguwar nan bayani, yara bakwai kawai aka fito da su, amma jiya kafin magariba an yi wa arba'in da uku. Ya ce ta auna da hankalinta, rai arba'in da uku.

"Na auna," ta ce. "Gaskiyarka ce. Shi ya sa na rasa abin da zan yi da kai."

"Kuburata..."

"Labarin A'i ba naka ba ne, Malam. Ajiya na ba ka."

"Wallahi don yaran nan na yi, hasken idona. Ki dube ni mana."

Ta dube shi. Hawaye ya riga ya jiƙa mata bakin gyale.

"Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Wurin da ka sassauta murya, ka ce *in fito*. Da muryar nan kake min zance. Da ita ka ce kana sona. Yanzu ta yaya zan gane wacce ce tawa, wacce ce ta aiki?"

Ya buɗe baki.

Karo na farko tun da ta san shi, babu abin da ya fito.

Ta gyara kayanta ta wuce.

Mako uku ta yi a Miri. Da safe ta taya Goggo tatsa, da rana ta yi surfe, tana cin abinci kamar ana ɗura mata. Sabitu kullum sai ya leƙo, wai gaishe da Goggo, ya zauna yana faɗin yadda Allah ya tona asirin mai zaƙin baki tun ba a ɗaura ba. Ya bi gida-gida kuma yana cewa duk wanda ya bar masu lamba suka shigo masa, to gobe sirrin ɗakinsa yana kasuwa cikin lasifika. Goggo takan ce masa, "Kai dai da surutu kamar ba Bafillace ba," amma ita ma ba ta musa ba.

Sai ƙuraje suka feso wa yaro ɗaya a ƙarshen gari. Kwana huɗu, suka zama uku.

Ranar Laraba da hantsi masu lamba suka iso, su biyu a kan kekuna, babu mota, babu lasifika. Maza suka taru a gindin tsamiya, mata suka laɓe bayan danga. Kubura ta samu wata kafa a jikin kara ta sa ido.

Mansir ne ɗaya daga cikinsu. Ya rame.

Ya yi sallama, ya naɗe hannun rigarsa ya nuna tasa lambar. Ya ce tsaga ce 'yar ƙarama, ba ta kai ta wanzami ba. Za ta yi ƙurji ɗaya, yaro ya yi zazzaɓin kwana biyu, shi ke nan. Ya ce wata uku yana shiga gidajen masu agana da abokin aikinsa, ga su tsaye lafiya lau, ko wannan kaɗai ai abin dubawa ne. Magana ce mai ma'ana, tsaf, babu kwana. Amma Kubura tana ganin yadda dattawa suke sauraronsa suna kallon gefe. Ba maganar suke aunawa ba, mai maganar suke aunawa, kuma an riga an gaya musu ko wane ne shi.

"Malam, ba ka ba mu labarin rumbu ba," in ji Sabitu yana murmushi. "An ce shi ne mai sa kuka. Ba mu mu ma mu sha."

Wasu samari suka yi dariya.

Kubura ta san in ya bayar, ko a nan ma sai an fito da yara. Ta san shi ma ya sani. Ta ga ya dubi gidajen nan uku na ƙarshen gari.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Na ɗauki abin da aka ba ni ajiya na kai kasuwa. Na yi laifi, kuma ba zan ƙara ba. Abin da na sani na faɗa muku."

Ya sauke hannun rigarsa.

Mutane suka fara kakkaɓe riguna suna miƙewa.

A gefenta Liatu, ƙanwar Sabitu, ta ja hannun 'yarta ta ce wa wata ƙasa-ƙasa, bari ta kai yarinyar nan bayan ɗaki ta rufe ta da tabarma har su tafi. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce ita za ta fara ɓuya.

Kubura ba ta san lokacin da ta riƙe hannun Liatu ba.

"Kar ki yi, Adda Liatu. Don Allah kar ki yi."

Ta zame gyalenta, ta nuna wa matan tabon da ke damtsenta. Ta ce Goggo shaida ce, a nan Miri aka yi mata, a hanyar kai nono, ba da sanin kowa ba, har Goggo ta yi kwana biyu tana faɗa. Goggo ta gyaɗa kai. Kubura ta ce kwana goma sha ɗaya ta yi tana jinyar A'i, tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya, ita take goge mata ruwan ƙurji da hannunta.

"Ku dubi fuskata. Akwai zanzana ko ɗaya?"



"Uwa ɗaya, uba ɗaya, ɗaki ɗaya. Bambancinmu tsagar nan ce kawai. Har ta cika tana tambayata ko ta fito. Ban taɓa ba ta amsa ba... Kullum na wuce rumbun nan sai na ji tana tambaya."

Sai da ta gama ta lura babu motsi a ɗaya gefen dangar. Kara ba ya tare magana. Mazan da suka miƙe suna nan tsaye, kuma a bakin ƙofa, da sandarsa da ƙurar hanya a ƙafa, ga Malam Hammadu. Labarin ciwon ne ya taso shi daga birni ya zo ya ɗauke 'yarsa.

Kubura ta durƙushe. Ta yi abin da aka kore ta saboda shi, kuma da bakinta.

Tsohon bai dube ta ba. Ya shigo tsakiyar mata, abin da bai taɓa yi ba, ya sunkuya ya ɗauki 'yar Liatu. Ya fita da ita a kafaɗa har gindin tsamiya, ya tsaya gaban 'yan'uwansa.

"Ni na saka ta a rumbu," ya ce. "Da hannun nan."

Ya miƙa wa Mansir damtsen yarinyar.

Sabitu ya ce, "Baffa, amma ai..."

"Je ka kawo sauran yaran gidanku."

Har azahar ana layi. Mansir tsaga kawai yake yi, yana share ido da kafaɗar riga. Da aka gama ya je ya tsuguna nesa kaɗan da Malam Hammadu, ya cire hula, ya fara, "Baba, ni dai..."

"Yi shiru. Na ji bakinka a Ƙofar Dumi, bai gamshe ni ba. Na yau da ka rufe shi ne na ji." Ya juya sandarsa a ƙasa. "Ka turo manyanka bayan sallar Juma'a. Kai kar ka zo. Kar kuma ka koya musu abin da za su faɗa."

Da za su tafi, Kubura ta kawo wa baƙi ruwa a bakin danga, Goggo na zaune kusa tana yi kamar tana tsince wake. Mansir ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Leɓɓansa suna motsi, ta ga maganganu cike da bakinsa, masu daɗi, shiryayyu.

"Ban huce ba tukuna," ta ce.

Ya gyaɗa kai.

"Ba za ka ce komai ba?"

"Ina tsoron muryar da za ta fito, Kubura."

Muryar a dushe take, ta fashe a tsakiya, babu daɗin ji ko kaɗan. Ba ta taɓa jin ya yi wa taro magana da ita ba.

Ta karɓi ƙwaryar, yatsunta suka ɗan daɗe a kan nasa.

"Wannan ɗin," ta ce. "Ita za ka ajiye min."