CV ɗin Marainiya

Ko sallama Hafsah ba ta ƙarasa ba, ta yi wurgi da jakarta a tsakar gida.

"Inna, sun sace min jinyar Baba!"

Inna ta ajiye tiren shinkafar da take tsinta. "Ke, hankalinki ɗaya kuwa? Zauna ki yi min bayani."

Hafsah 'yar shekarar ƙarshe ce a kwalejin kiwon lafiya, tana karanta adana bayanan majinyata. Wata takwas ke nan da rasuwar mahaifinta, ya bar su a gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Habibullah ya daɗe yana neman aurenta, amma mahaifiyarsa Hajiya ta kafe: ba za a sa rana ba sai yarinyar ta samu aiki, don ɗanta ba zai auri gida guda ba. Ana haka gurbi ɗaya tak ya fito a wani asibitin kuɗi a Tarauni.

CV ɗin farko, wato takardar neman aikin, a shagon buga takardu aka yi mata, shafi huɗu, cike da manyan kalmomin Turanci. Habibullah ya karanta har da riƙe ciki.

"Wai kina son tafiye-tafiye? Ke da ba ki taɓa wuce Wudil ba! Rubuta abin da hannunki ya yi, shafi ɗaya ya isa."

A laftof ɗinsa ta rubuta: karatunta, wata huɗun da ta yi tana aikin gwaji, sai layi ɗaya da ta buga tana hawaye, cewa ta yi jinyar marigayi mahaifinta shekara biyu, tana rubuta awon jininsa da lokutan maganinsa kullum ba fashi.

"Yau na je asibitin dubawa," in ji Hafsah, "sakatariya ta ce an ware nawa gefe, wai kwafa na yi! Akwai irinsa sak da ya riga shi zuwa, suna da lambar waya kawai aka canja. Kin san na wa? Safiyyah! Ƙanwar Habib! Wallahi sai na tona mata asiri a guruf ɗin makaranta. Shi ma ya riƙe aurensa!"

"Kul! Ba za ki watsa 'yar mutane a waya ba. In magana ce, ki je ki faɗa a gaban iyayenta."

Kwana biyu Hafsah ba ta ɗaga kiran Habibullah ba. Tana wanke-wanke tana jera maganganun da za ta yaɓa wa Safiyyah, in ta gama ta sake zaɓo waɗanda suka fi ciwo. Ranar Juma'a bayan la'asar ta ɗauki littafin awon Baba, mai baƙin bango, ta hau adaidaita zuwa Daurawa.

Ta tarar da su duka a falo. Alhaji Mukhtar, mahaifin su Habibullah, yana shan fura. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta juya.

"Safiyyah, yaushe kika yi jinya?"

"Wace jinya kuma? Malama, kada ki zo min da rainin hankali. Kowa ma kwafa yake yi, ke kaɗai kika iya Turanci?"

Hajiya ta taɓe baki. "Oh ni! Tun ba a shigo ba an fara ƙirga mana laifi."

"Hafsah, wallahi ban san ta buɗe laftof ɗin ba..." Habibullah bai ƙarasa ba aka yi sallama a ƙofa. Ya fita, ya dawo da wani dattijo mai farin gilashi, wanda ya shigo kansa a sunkuye. Dakta Rabi'u ne, mai asibitin, wanda suka yi sakandare tare da Alhaji.

"Hajiya, ashe haka Allah ya yi ikonsa? Sai yau na gani a takardar 'yarku. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Mukh..."

Ya ɗago kai. Ga Mukhtar zaune da ludayi a hannu.

"Innalillahi! Mukhtar?"

"Wa ya mutu?" in ji Alhaji.

"Kai mana! Bayan jinyar shekara biyu!"

Dakta ya zaro takardar daga aljihu. Alhaji ya karanta a hankali, ya dubi Safiyyah har sai da ta zame daga kujera.

"Don aiki kika kashe ni?"

"Abba, ban karanta ba ne, sunan kawai na canja..."

Duk maganganun da Hafsah ta tanada suna nan a bakinta, ga kuma dama ta samu. Ta dubi Safiyyah tana kuka, ta ji ko ɗaya ba ta kai wannan zafi ba. Ta haɗiye su. Littafin kawai ta miƙa wa Dakta, ta ce na jinyar mahaifinta ne.

Ya yi ta buɗawa, shafi bayan shafi, kwanan wata da awo, har inda rubutun ya tsaya a wata Talata.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Gaisuwar taki ce, 'yata. Ki zo intabiyu ranar Litinin, da littafin nan."

Hajiya ba ta iya ɗaga ido ba. Alhaji ya ce, "Habibu, gaya wa kawunnanka, jibi za mu je Gyaɗi-Gyaɗi sa rana. Ba sai an jira Litinin ba."

Aikin ma Hafsah ta samu.

'Yan makaranta, ku rubuta abin da kuka yi da hannunku, ko layi uku ne, ku kuma karanta kafin ku miƙa. Wanda aka zalunta ya yi haƙuri, Allah ya fi shi iya ramawa. Duk wanda ya taɓa zaman jinya har ya rufe idon nasa, ya san wannan layin ba a aronsa.