Wadda Ta Taya Shi Ƙirga

Ƙanena ma'aikacin ɗakin gwaji ne, kuma gaggawa ta yi masa yawa. Aikinsa ya ciro hanjin kaza, ya shafa abin da ke ciki a faranti, ya sa a na'urar ɗumi har ƙwayoyin cuta su tsiro, sannan ya ƙirga su ɗigo-ɗigo. Don ya rage wa kansa lokaci, ba ya jiran kaza ta gama shure-shure kafin ya farke cikinta. Na sha gaya masa wannan zalunci ne, kuma dabba ma tana da hakki. Sai ya ce, "Yaya, kai dai ba ka gajiya da wa'azi."

Ran nan dare ya same shi shi kaɗai, faranti tuli a gabansa. Shugabansa ya ce in safiya ta yi babu sakamako, ya nemi wani aikin. Sai ga wata mata da farar rigar aiki, ta zauna kusa da shi.

"Sannu da ƙoƙari, malam. Kawo in taya ka."

Ya ɗauka sabuwar ma'aikaciya ce, ya tura mata rabi. Jikinta yana fitar da zafi, ga wani ƙarni. Ba ta duban faranti kai tsaye, sai ta karkata kai ta leƙa da ido ɗaya. A ƙarƙashin tebur wani abu yana kartar daɓe.

Ta ɗaga wani faranti. "Wannan daga cikina ka ɗebo. Ina kallonka a lokacin."

Ya juyo. Ta ƙifta ido, fatar idon ta taso daga ƙasa.