Kwana Huɗu a Tsibirin Chincoteague

"Idan kika shiga motar nan, Sophia, kada ki sake kirana Baba!"

Mahaifina ne a ƙofar gidanmu na garin Lanham a Amurka, yana nuna motar Katung da yatsa. Tsohuwar mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da ɗan kicin, an ɗaure 'yar ƙaramar motata a bayanta. Wata takwas Katung ya yi yana gyara ta saboda amarcinmu.

"Baba, an riga an ɗaura aure a kotu... mijina ne."

"Makanike mara takardar zama? Wanda aka ce ya bar ƙasa ya ƙi? Ga Dokta Raymond shekara biyu yana bin ki!"

Katung ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ko kallonsa bai yi ba.

Na shiga motar ina kuka.

Awa huɗu muka yi kafin mu haye doguwar gadar da ke shiga tsibirin. Ruwa hagu da dama, ciyawar fadama har iya ganin ido. Muka ajiye babbar motar a sansanin matafiya, kullum da safe mu ɗauki ƙaramar, mu bi 'yan hanyoyin ƙauye. Mun ga dawakan daji suna kiwo a bakin ruwa. Mun ci ƙaguwa, Katung yana yatsina fuska.

"Wannan abinci ne ko wahala, sarauniyata? Ina ma gwaten Mamana!"

Na yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Duk motar da ta rage gudu kusa da mu, sai ya damƙe hannuna.

"Masoyi, lauya ta ce za ta shigar da takardunmu na neman maka izinin zama ranar Litinin."

"Allah Ya kai mu Litinin ɗin," ya ce.

A rana ta uku na kira Mama na faɗa mata inda muke, don hankalinta ya kwanta.

Washegari na fita sayen burodi a ƙaramar motar. Ko minti talatin ban yi ba. Na dawo na tarar da ƙofa a buɗe, buta tana tafasa a kan wuta.

"Katung!"

Ba kowa a cikin motar.

Wata tsohuwar Baturiya mai suna Linda, wadda motarta ke kusa da tamu, ta fito ta riƙe ni. Ta ce jami'an shige da fice uku ne suka tafi da shi, kuma da sunansa suka zo. Bai yi gardama ba. Ya roƙe ta ta ce mini in ci abinci.

Na zube a ƙasa...

Ban iya tuƙa babbar motar ba, kuma ba ni da wanda zan kira sai gida. Da yamma sai ga Baba, wani dattijon cocinmu ya kawo shi. Ya shiga motar, ya shafa katakon da Katung ya sassaƙa, ya daɗe a tsaye.

"Ni na faɗa wa Raymond inda kuke," ya ce. "Cewa na yi ya zo ya lallashe ki. Ban san waya zai ɗauka ya kira su ba, 'yata..."

Shi ya tuƙo mu har Lanham. Na koma kan gadon baya na zauna har muka isa.

Bayan sati shida aka mayar da Katung Najeriya. Lauya ta ce ba zai iya dawowa ba sai bayan shekara goma, in ma an yarda.

"Zan biyo ka Kafanchan!" na ce masa a waya. "Ko gobe!"

"Ki bar aikin asibitinki ki zo ki yi me, sarauniyata? Ko ɗakin kaina ba ni da shi."

"Ba ruwana da ɗaki! Kai nake so!"

Na ji yana kuka, sai layin ya yanke. Daga ranar ya daina ɗauka. Na yi wata biyu ina kira safe da yamma.

Ran nan aka ɗauka. Na miƙe zumbur.

"Katung? Masoyi?"

"Mamansa ce, 'yata. Ga shi nan zaune kusa da ni." Ta yi ajiyar zuciya. "Ya ce ki yafe masa... ya ce kada ki sake kira."