Ɗakin Ƙuryar da Ya Ƙi Goguwa

Kai Nafi'u, ajiye wayar nan. Ku matso. Ba zan ɗaga murya ba, wannan ba labarin da ake faɗa da ƙarfi ba ne.

Kun san Anti Saude ta bayan layinmu, mai zanen gidaje? Tun kafin a haife ku take fama da fensir da rula. Kwatsam sai ogansu, Injiniya Sallau, ya kawo wata manhajar kwamfuta. A cikinta ba zana gida ake yi ba, gina shi ake yi sukutum: bango, rufi, bututun ruwa, wayar lantarki. Ka matsar da bango ɗaya, komai ya bi shi. Har shiga ake yi ana zaga ɗakuna. Oga ya ce wanda bai iya ba ya nemi wani aikin. Ita kuwa marayu gare ta.

Baiwar Allah ta duƙufa. Bayanta ya ƙage, idonta ya yi jawur. Da ƙyar da jiɓin goshi ta tayar da gidan wani Alhaji. Ta sa hoton wata mata a tsakar gidan don a gane tsayin ƙofa, amma ba ta iya saita shi ba, ƙafafun suka tsaya a sama kaɗan, ba su taɓa ƙasa ba. Sai Alhajin ya yi doguwar tafiya. Gida ya zauna wata da watanni a kwamfuta, babu kowa.

Da ya dawo ya ce a cire ɗakin ƙurya, a faɗaɗa falo. Saude ta goge ɗakin. Da safe ga shi nan. Ta sake gogewa, ya sake dawowa.

Oga ya ce, "Malama Saude, gobe Alhaji zai zo. In ya ga ɗakin nan, ki ajiye mini makullin ofis."

Ranar Juma'a ce, rana tsaka. Maza duk sun tafi masallaci. Ita kaɗai, ko salatin kirki ba ta da ƙarfin yi. Ta kifa kai a tebur. Sai ta ji sallama.

Wata tsohuwa ce tsaye a bakin ƙofa. Bakinta na motsi, amma muryar daga cikin kwamfutar take fitowa. Saude ta sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Gara ma da ba ta sunkuya ba. Ƙafafun tsohuwar ba su taɓa ƙasa ba.

Ta dubi kwamfuta. Tsakar gida wayam, hoton matar babu shi.

"'Yar nan," in ji tsohuwa, "kin gina gida kin bar shi. Gida ba ya zama babu kowa. Mun shiga."

Tsohuwa ta ci gaba.

"Kullum ki faɗo mana babu sallama, kina leƙa ɗakuna. Mun yi haƙuri. Yanzu ɗakin jikata za ki rushe? Jego take yi."

Tsoro ya kama ta, amma wallahi gajiya ta fi tsoron yawa. Ta ce, "Iya, in ban cire shi ba aikina ya tafi. Yarana me za su ci?"

Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya, fankar sama ta tsaya cak. "Mu ma mun gaji. Tsamiyarmu an sare, an yi gidan mai. Kangon da muka koma an yi shaguna. Ina kuke so mu sa kanmu?"



Can Saude ta ce, "In gina muku naku? Sai dai hannuna bai faɗa ba, zan daɗe."

Sai ta ji hannu a kan nata, sanyi ƙalau kamar randa. Hannun ya ja nata. Bango ya tashi, rufi ya hau, ga ɗakin mai jego da tagarsa a gabas, ga tsamiya a tsakar gida. Kafin a sakko daga masallaci an gama. Ta waiwaya, babu kowa. Ta koma gidan Alhaji ta goge ɗakin ƙurya. Bai dawo ba.

Tun daga ranar hannun damanta ya iya aikin nan fiye da na kowa a ofis. Amma har yau bai yi ɗumi ba. Ni na gaisa da ita da salla, na ji.

Kwamfutar ta tsufa, Oga ya ce a sayar, ta roƙa aka bar mata. Tana ɗakinta a lulluɓe da zane. In aka kawo wuta, ita ake fara sa wa caji kafin wayar kowa. 'Yarta ta rantse mini ta taɓa leƙawa, ta ga kayan jariri a shanye a igiya, kuma uwarta ba ta taɓa zana igiya ba.

Don haka kada wanda ya yi zaman kaɗaici a ofis da rana tsaka. Gidan da ba kowa kuwa, ko a kwamfuta ne, ku yi sallama kafin ku shiga. Saude tana yi kullum. Kuma ana amsa mata.