Muryar Abdulwahid Daga Kurkuku

"Wallahi ba zan je kotu ba, Yaya! Ko shekara nawa ce zan jira shi!"

Mansura ta ture faifan shinkafar da take tsincewa ta miƙe tana huci. Yayanta Rilwanu, wanda saukarsa ke nan Haɗejia daga Abuja, ya tsaya a bakin ƙofa jiki a sanyaye.

"Ban zo da maganar raba aure ba, ƙanwata. Zauna ki ji."

Mijinta Abdulwahid tsohon soja ne. Harsashi ya lalata masa gwiwa a dajin Borno, aka sallame shi, ya dawo yana noman shinkafa a fadamar Auyo. Shekarar da ambaliya ta cinye gonar, ya karɓi aikin gadin motocin kaya masu ƙetare sahara, ya bar Mansura da cikin 'yarsu Amira. A wata ƙasa can arewa aka kama shi, aka ce sojan haya ne. Tun daga nan Rilwanu yake zarya zuwa ma'aikatar harkokin waje. An tura tawaga, jakada ya zauna da mahukuntan ƙasar, har aka ce za a sako shi a musayar fursunoni.

"Gwamnatin can ta sauya," Rilwanu ya faɗa, kansa a ƙasa. "Sababbin sun ce ba su san da wata yarjejeniya ba. Ɗaurin rai da rai ya tabbata. Abin da jakada ya iya samowa kawai... za a bar shi ya kira ki yau."

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Rilwanu ya ɗaga, ya buɗe mata sautin.

"Mansura..."

Muryar ta dushe, kamar ta tsoho.

"Masoyina! Kai ne? Kana cin abinci? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, hasken idona. Ina Amira?"

"Tana islamiyya. Ta iya Fatiha, tafiyarka sak take yi..."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

"Ki saurare ni, lokacin kaɗan ne. Jakada ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma ya faɗa mini gaskiya. Ba zan fito ba."

"Za ka fito! Za a sake tura wasu!"

"Kuruciyarki nake ci a nan, Mansura. Kullum da shi nake kwana, ya fi mini ɗaurin ciwo."

"Ni na kawo maka ƙara? Ni na ce na gaji?"

"Da kin gaji da ya zo mini da sauƙi." Ya ja numfashi, ta ji yana kuka. "Ki yafe mini... na sake ki, saki ɗaya."

"Ban ji ba! Layin ba kyau, wallahi ban ji ba!"

"Kin ji. Rilwanu, kai ne shaida. Ki riƙe mini Amira amana, ki ce mata babanta..."

Wata murya ta daka tsawa cikin harshen da ba ta sani ba. Layin ya yanke.

Rilwanu ya juya wa ɗakin baya, kafaɗunsa na girgiza. Mansura ta sulale ta zauna a ƙasa, wayar manne da kunnenta.

"Ina jin ka," take ta faɗa a hankali. "Ƙarasa mana... me zan ce mata?"